Babi na Shida: Northamptonshire, Gundumar da Majalisarta Ta Karye

Wanda ya baro Landan a mota ya miƙi babbar hanyar M1 zuwa arewa, bayan ya ci kimanin kilomita 120 zai iso wani matsatsin kwari tsakanin tuddai biyu, dab da ƙauyen Watford. Faɗin wurin bai wuce mita 400 ba, amma hanyoyi huɗu ne suka matsu a cikinsa. Ga titin Watling, wanda Romawa suka shimfiɗa shekara kusan dubu biyu da suka wuce, yau ake kiransa A5. Ga hanyar ruwa da aka haƙa da hannu domin kwale-kwalen dako a farkon ƙarni na 19. Ga layin dogo na 1838 da ya haɗa Landan da Birmingham. Ga kuma ita M1 ɗin, wadda aka buɗe a 1959. Daga kan gada mutum kan hangi tirela tana gudu, jirgin ƙasa yana wuce ta, can ƙasa kuma wani siririn kwale-kwale yana jan jiki a hankali. Wannan shi ne Watford Gap, kuma a idon mutanen kudancin Ingila da yawa, daga nan arewa ta fara.

Yawancin masu bi ta nan ba su ma san a wace gunduma suke ba. Northamptonshire ce, ƙasar da kowa ke ratsawa, kaɗan ne ke sauka.

Gundumar doguwa ce siririya, ta kwanta daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 2,360. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan 785,000 ke zaune a cikinta. Ba ta da teku ko ta wace fuska. Gundumomi takwas ne suka kewaye ta, iyakarta da ɗaya daga cikinsu, Lincolnshire, ba ta wuce mita 20 ba. Ba ta kuma da wani dutse na a zo a gani, don tudunta mafi tsawo, Arbury Hill, mita 225 ne kacal. Amma waɗannan ƙananan tuddai na yammacinta su ke raba ruwan tsakiyar Ingila. Kogin Nene da na Welland sun gangara gabas sun faɗa Tekun Arewa. Avon ya ɓullo a ƙauyen Naseby ya yi yamma ya haɗu da Severn. Cherwell ya yi kudu ya shiga Thames a Oxford. Ruwan sama guda, in ya zuba a kan tudu ɗaya, yana iya ƙarewa a gaɓoɓi uku daban-daban.

Ƙarƙashin ciyawar akwai farin dutsen gini da wani jan dutse mai tama a ciki. Da su aka gina ƙauyukan gundumar, shi ya sa bangayensu ke da launin ƙasa-ƙasa mai ɗumi idan rana ta haska su. Wannan jan dutsen zai sake bayyana a labarin.

Nisanta da teku ya taɓa zama abin nema. A 1803, lokacin da Birtaniya ke zullumin Napoleon zai tsallako, gwamnati ta fara gina babban rumbun makamai da albarushi a Weedon Bec, saboda wuri ne da maharan da suka sauka a gaɓa za su sha tafiya kafin su kai, ga kuma hanyar ruwa har cikin harabarsa. Gine-ginen jan bulo na nan tsaye.

Ita kanta gundumar yaƙi ne ya haife ta. A ƙarshen ƙarni na 9, sarki Alfred da jagoran mayaƙan Denmak, Guthrum, suka raba ƙasa, aka ɗauki titin Watling a matsayin wani yanki na iyaka. Northampton ta faɗa hannun 'yan Denmak, ta zama sansanin rundunarsu. Da ɗan Alfred, Edward, ya karɓe garin wajen 917, sai ƙasar da ke biyayya ga wannan sansani ta zama yankin mulki guda, mai kotunsa da wakilin sarki da ke karɓar haraji. Sunan gundumar ya fara fitowa a rubuce a tarihin shekarar 1011. Hasumiyar cocin Earls Barton, da aka gina a ƙarni na 10, tana nan har yau, kuma cocin Brixworth ya ma girme ta.

Sarakunan zamanin da sun so wurin saboda yana tsakiya, ga dajin Rockingham na farauta. A fadar Northampton aka gurfanar da babban limamin Canterbury, Thomas Becket, gaban sarki Henry na Biyu a 1164, ya sulale da dare ya tsere Faransa. A 1261 aka kafa jami'a a garin, amma bayan shekara huɗu sarki Henry na Uku ya rushe ta don kada ta rage wa Oxford kasuwa. Sai a 2005 garin ya sake samun jami'a. A Fotheringhay aka haifi Richard na Uku a 1452, a nan kuma aka sare kan Mary, sarauniyar Sikotilan, ranar 8 ga Fabrairu 1587. A filin Naseby, ranar 14 ga Yuni 1645, ana cikin yaƙin basasar Ingila, sabuwar rundunar majalisar dokoki ƙarƙashin Thomas Fairfax da Oliver Cromwell ta ragargaza sojojin sarki Charles na Ɗaya, aka kame har akwatin wasiƙunsa na sirri aka buga wa jama'a suka karanta. Daga ranar sarki bai sake haɗa runduna irin wannan ba.

Littattafan tarihi sukan tsaya kan waɗannan, su tsallake abin da ya faru a ƙauyen Newton a 1607, alhali shi ya fi taɓa talaka. Manyan masu ƙasa sun yi ta kewaye gonaki da makiyayar gayya da shinge suna zuba tumaki, don ulu ya fi hatsi kawo kuɗi. Manoma suka taru suna tumɓuke shingaye, aka far musu da dawakai da makamai, aka kashe mutum fiye da arba'in. Shekara ɗari biyu bayan haka aka sake kewaye filayen ƙauyen Helpston, mahaifar mawaƙi John Clare, ɗan leburan gona, wanda ya zuba baƙin cikin wannan rashi a waƙoƙinsa. Ya rasu a asibitin masu taɓin hankali na Northampton a 1864.

Abin da ya ɗaga sunan gundumar a duniya kuwa, takalmi ne.

Duk abin da dukanci ke bukata yana nan a wuri ɗaya. Kwarin Nene na da ciyawa mai kyau, kuma ta nan ake koro shanu daga Wales da arewa zuwa mahautan Landan, don haka kirgi bai yankewa. Ga ruwan kogi na jiƙo da wanki. Ga dazuzzukan Rockingham da Salcey da Whittlewood, inda ɓawon manyan itatuwa ke yi wa majema aikin da bagaruwa ke yi a majemar Kano. A 1642 wasu masu ɗinkin takalma goma sha uku, ƙarƙashin wani Thomas Pendleton, suka sami kwangilar takalma ƙafa 4,000 da but ƙafa 600 domin sojojin da za a tura Ailan. Sun cika alkawari, amma sun yi shekaru suna bin bashin kuɗinsu. Duk da haka ƙofa ta buɗe: daga nan duk yaƙin da Ingila za ta shiga, sai an waiwayi Northampton.

Garin ya goyi bayan majalisa a yaƙin basasa, saboda haka da sarauta ta dawo, Charles na Biyu ya sa aka rushe ganuwarsa a 1662. A watan Satumba na 1675 gobara ta cinye mafi yawan garin cikin yini ɗaya, sai ga shi wannan sarkin ya ba da katako tan dubu daga dajinsa domin sake gini. Mutum-mutuminsa na tsaye a saman cocin All Saints a tsakiyar gari.

Har tsakiyar ƙarni na 19 a gida ake yawancin aikin takalmi. Mai yanka ya fitar da fata a shagon maigida, a kai wa mata su ɗinke saman takalmi, sannan maza su ɗora shi a kan ƙafar katako su haɗa da tafin, a wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen tsakar gida. A Rushden da Kettering da Long Buckby har yanzu ana ganin irin waɗannan ɗakuna a bayan jerin gidajen jan bulo, da tagoginsu masu faɗi don haske ya wadaci mai allura. Da keken ɗinki ya shigo, ma'aikata suka yi yajin aiki a 1859, ba su yi nasara ba, masana'antu suka tashi a kusan kowane lungu. A watan Mayun 1905 masu ɗinkin but ɗin soja su 115 suka tashi daga Raunds da ƙafa har Landan, ƙarƙashin jagorancin James Gribble, suna neman a biya su farashin da aka tsayar. Wannan karon kukansu ya kai inda ake so.

Takalman Asiya masu arha sun rufe mafi yawan masana'antun a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Waɗanda suka tsira su ne masu yin na tsada: Tricker's da aka kafa a 1829, Grenson a 1866, Church's a 1873, Crockett & Jones a 1879, Loake a 1880. Takalmin irin nasu kan bi ta hannu da dama na tsawon makonni kafin ya fita, kuma idan tafin ya cinye ana mayar da shi masana'anta a sake masa sabo. A ƙauyen Wollaston aka fara yin but ɗin Dr. Martens ranar 1 ga Afrilu 1960. Sana'ar fata ta gundumar ta ma taɓo ƙasar Hausa: majemar Harmatan da ke Higham Ferrers ta yi suna a wurin masu ɗaurin littattafai da fatun awakin Arewacin Najeriya.

Labarin Corby ya fi ciwo. A 1931 ƙauye ne na mutum kusan 1,500, zaune a kan wancan jan dutse mai tama. Kamfanin Stewarts & Lloyds na yankin Glasgow ya zo ya kafa babbar masana'antar ƙarfe da bututu a farkon shekarun 1930, dubban ma'aikata suka biyo shi daga Sikotilan, inda aiki ya yi wuya a lokacin. Har gobe harshen 'yan Corby ya fi kama da na Glasgow fiye da na maƙwabtansu na Kettering, mai nisan 'yan kilomitoci. A nan aka ƙera bututun da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku don kai wa sojojin ƙawance mai a Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1980 aka kashe wutar narka ƙarfe. Ayyuka kusan dubu goma suka tafi, rashin aiki a garin ya doshi kashi 30 cikin ɗari.

Majalisar garin ta ɗauki nauyin share filin masana'antar domin jawo sababbin kamfanoni, kuma ta yi nasarar jawo su. Sai dai an riƙa kwasar ƙasa mai guba a manyan motoci buɗaɗɗu ana ratsa gari da ita, laka na zuba a titi, ƙura na tashi. Aka fara haihuwar yara da nakasa a hannu da ƙafa. Iyaye mata suka yi shekaru suna fafutuka, har a watan Yulin 2009 Babbar Kotu ta sami majalisar da sakaci a ƙarar da aka shigar a madadin yara goma sha takwas, a 2010 aka sasanta da biyan diyya. Waɗannan mata sun cancanci a riƙa ambatonsu duk lokacin da ake ba da tarihin gundumar, domin sun nuna cewa aikin ƙaramar hukuma, wanda ake ganin kamar na takardu da kwasar shara ne, yana iya kaiwa har cikin mahaifa.

Yau abin da tsakiyar ƙasa ke sayarwa shi ne kusanci. Daga nan direban tirela na iya kai kaya mafi yawan biranen Ingila cikin 'yan awanni, shi ya sa manyan rumbunan ajiya suka jeru a gefen M1 da A14, musamman a tashar kaya ta jirgin ƙasa da ke kusa da Daventry. A kudu kuma akwai filin tseren mota na Silverstone, tsohon filin jiragen yaƙi, inda aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula One ranar 13 ga Mayu 1950.

Duk wannan ƙasa, wa ke tafiyar da ita? Ɗaruruwan shekaru manyan masu ƙasa ne, a matsayin alƙalan sulhu da ke zama sau huɗu a shekara. Dokar 1888 ta kawo zaɓaɓɓiyar majalisar gunduma, wadda ta fara aiki a 1889. A lokacin ne yankin Peterborough ya sami tasa majalisar, daga baya ya fice gaba ɗaya, yau ana lissafa shi a Cambridgeshire. Gyaran 1974 ya shimfiɗa tsari mai hawa biyu. A sama majalisar gunduma, mai kula da makarantu, tituna, ɗakunan karatu, kashe gobara, da kula da tsofaffi, naƙasassu da yaran da ke cikin haɗari. A ƙasa majalisu bakwai: Northampton, Kettering, Corby, Wellingborough, Daventry, Northamptonshire ta Gabas da ta Kudu, masu kwasar shara, ba da izinin gini, gidajen haya na hukuma da karɓar harajin gida.

Dokar Ingila ba ta yarda majalisa ta yi kasafin da kashewa ta fi shiga ba. Sashe na 114 na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988 ya ɗora wa babban ma'ajin majalisa wajibi: idan ya ga lissafi ba zai haɗu ba, ya rubuta sanarwa, ko shugabanni sun so ko sun ƙi. Da zarar ta fita, an daina duk wani sabon kashe kuɗi sai abin da doka ta tilasta. Ranar 2 ga Fabrairu 2018 ma'ajin Northamptonshire ya fitar da irin wannan sanarwa. Rabon da a ga haka a Ingila tun ta Hackney a shekarar 2000.

Dalilan sun kasu biyu, kuma adalci ne a faɗi kowanne. Na farko ya shafi kowace majalisa a ƙasar. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya lissafa cewa tallafin gwamnatin tsakiya ga majalisun Ingila ya ragu da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018, alhali tsofaffi na ƙaruwa, yaran da ake karɓa hannun hukuma na ƙaruwa, kuma doka ba ta ba majalisa damar cewa ba ta da kuɗin kula da su ba. Na biyu na gida ne. Majalisar, wadda jam'iyyar Conservative ke riƙe da ita tun 2005, ta yi shekaru tana alfahari da ƙarancin harajinta. Hukumar Ofsted, mai sa ido kan makarantu da kula da yara, ta ce sashen kula da yara ya gaza a 2013, gyaransa ya ci kuɗi mai yawa. Sai shugabanni suka ɓullo da shirin miƙa kusan dukkan ayyuka ga wasu kamfanoni da cibiyoyi na gefe, a bar ma'aikata kusan 150 kawai a tsakiya. Tanadin da aka yi alkawari bai samu ba, bin sawun kuɗi ya ƙara wuya, aka riƙa cike giɓi da kuɗin ajiya da na sayar da kadarori. Ana cikin haka aka gina sabuwar hedikwata, One Angel Square, a kan fam miliyan 53. An buɗe ta a Oktoban 2017. Bayan 'yan watanni aka sayar da ita a kan fam miliyan 64, majalisar ta koma 'yar haya a cikinta.

Mai binciken da gwamnati ta turo, Max Caller, ya miƙa rahotonsa a watan Maris 2018. Bai karɓi hujjar cewa ƙarancin tallafi kaɗai ne ya jawo ba. Ya nuna cewa akwai majalisun da ke cikin matsi iri ɗaya ba su durƙushe ba, cewa an yi sakaci da lissafi, kuma kansilolin da suka yi tambaya ba a ba su amsa ba. Ya ba da shawarar a rushe majalisar. Shugabarta ta yi murabus, gwamnati ta naɗa kwamishinoni su karɓi ragama, a watan Yuli aka sake fitar da sanarwa ta biyu, ana maganar giɓin da zai iya kai fam miliyan 70.

Mutanen da suka ji a jikinsu ba su ne suka tsara kasafin ba. An janye tallafin motocin haya na ƙauyuka, tsohuwar da ba ta da mota ta rasa hanyar zuwa asibiti. An rage gyaran tituna. An shirya rufe ɗakunan karatu 21 daga cikin 36, har sai da Babbar Kotu ta ce a watan Agusta 2018 matakin ya saɓa wa doka, saboda ba a auna abin da zai jawo wa yara da masu rauni ba. Da yawa daga cikinsu sun ci gaba da buɗewa ne don mutanen unguwa sun karɓe su suna aikin sa-kai. A ƙananan garuruwa ɗakin karatu shi ne inda mara aiki ke samun kwamfuta ya nemi aiki, inda uwa ke kai jaririnta ta haɗu da sauran iyaye. Wanda ya ɗauke shi ƙaramin abu bai zauna a irin waɗannan garuruwa ba.

Ranar 1 ga Afrilu 2021 majalisar gunduma ta daina wanzuwa, bayan shekara 132. Majalisu bakwai na ƙasa ma suka tafi tare da ita, duk da ba su ne suka karye ba, abin da ya ɓata wa mutane rai musamman a Corby da Northampton, garuruwan da suka saba da riƙe al'amuransu. A madadinsu aka kafa biyu masu haɗa dukkan ayyuka: Northamptonshire ta Yamma, da ta ƙunshi Northampton da Daventry da Towcester, mai mutum kusan 425,000, da Northamptonshire ta Arewa, da ta ƙunshi Corby da Kettering da Wellingborough da Rushden, mai kusan 360,000. Kula da yara aka miƙa wa wata amintacciyar cibiya mai zaman kanta da ke yi wa majalisun biyu aiki. Hukumar kashe gobara tun 2019 ta koma ƙarƙashin zaɓaɓɓen kwamishinan 'yan sanda. Cikin abubuwan da suka rage da sunan gundumar baki ɗaya akwai rundunar 'yan sanda, ƙungiyar kurket, da wakilin sarki mai tarbar baƙi a bukukuwa.

Ba a daɗe ba aka gane Northamptonshire ta riga saura ne kawai. Croydon ta fitar da irin wannan sanarwa a 2020, Slough a 2021, Thurrock a 2022, Woking da Nottingham da Birmingham, majalisa mafi girma a ƙasar, a 2023. A Disamban 2024 gwamnatin Labour ta bayyana aniyar soke tsarin hawa biyu a duk inda ya rage a Ingila, wato sauran gundumomi su bi hanyar da aka tilasta wa Northamptonshire. A zaɓen Mayun 2025 kuma, masu ƙuri'a a majalisun biyu suka kawar da Conservative suka miƙa ragama ga jam'iyyar Reform UK, wadda yawancin kansilolinta ba su taɓa riƙe muƙami ba. Kasafin da suka tarar a kan tebur, kaso mafi girma nasa na kula da tsofaffi da yara ne, kuma doka ba ta ba su ikon ƙin biyansa ba.